Bara fure, bana ganye zalla: wa ya taɓa shiga wannan da fulawa mai albasa?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum jama'a, don Allah masu shuka fulawar nan mai albasa ku zo ku ba ni labarin taku. Bara na sayi amarilis guda uku, Red Lion biyu da Apple Blossom ɗaya, sati bakwai da dasawa suka fitar da kara suka buɗe, kowane kara fure huɗu manya kamar tafin hannu, wlh duk wanda ya shigo sai ya tsaya kallo. Bana kuwa ganye kawai suke ta fitarwa, dogaye kore shar, ko alamar kara babu. Ban fasa ruwa ba, ban fasa taki ba. Wanda abin ya taɓa faruwa da shi nake so ya faɗa min yadda ya ƙare.

Baba Mai Lambu:
Wa alaikumus salam 'yata. Bayan furen ya bushe bara, me kika yi da ganyen?

Maman Ilham:
Na yanke su Baba, sun yi tsawo suna ta kwanciya a ƙasa sun ɓata wajen. Ai daga baya wasu sun sake fitowa.

Baba Mai Lambu:
To ga ɓarawon nan. Ni ma shekara biyu na yi ina wannan aikin kafin na gane. Furen da kika gani bara ba ke kika yi shi ba, yana naɗe a cikin albasar tun kafin ki saya, manomin da ya rene ta shi ya cika ta. Albasar nan rumbu ce, fure ya cinye abin da ke ciki, ganyen ne yake sake cikawa da hasken rana, ke kuma kin bi da almakashi. Karan furen kaɗai ake yankewa, ganye a bar shi ya yi ta shan rana wata biyar zuwa shida ko da ya yi muni, in ya dame ki ki kafa masa ƙaramin itace ki ɗaure. Amarilis kusan duk ganye huɗu da ta yi ne take ƙulla kara ɗaya a ciki, shi ya sa ni yanzu ganye nake ƙirgawa. Daga nan sai hutu, a ɗauke ruwa gaba ɗaya sati 8 zuwa 10, a ajiye tukunyar wuri mai inuwa da ɗan sanyi, ganyen ya bushe da kansa, sannan a dawo da ban ruwa kaɗan kaɗan. Nawa da na yi musu haka biyu cikin huɗu sun buɗe a shekarar, sauran sai da suka ƙara shekara.

Injiniya:
Baba a gafarce ni, batun ganye na yarda amma wannan hutun ni ban taɓa yi ba. Nawa a ƙasa suke ba a tukunya ba, shekara shida kenan, ban taɓa tone su ba ban taɓa kai su inuwa ba, kuma duk shekara sai sun buɗe.

Baba Mai Lambu:
Kana ba su ruwa da rani?

Injiniya:
Gaskiya ba sosai ba, mantawa nake da su sai na ga kara ya leƙo.

Baba Mai Lambu:
To ai hutun kenan ɗana, sakacinka ne yake musu aiki baka sani ba.

Abu Hafsat:
Ni tawa ta fi ta kowa ban haushi. Tulif na shuka, Queen of Night ɗin nan mai kalar da ta kusa zama baƙa, hoto na gani raina ya biya. Inda nake zafi ne, ban san cewa asalin tulif daga duwatsun tsakiyar Asiya take ba kuma sai ta sha sanyi na wajen sati 12 ko fiye kafin ta yarda ta yi fure. Karon farko ganye biyu biyu suka fito gajeru suka tsaya nan. Karo na biyu aka ce in saka a firij, na saka wata uku cur ina ta lissafi, ashe tuffa da ke kusa da su tana fitar da wata iska, etilin, da ke kashe furen tun yana cikin albasa. Da suka fito abin da ya kamata ya zama fure ya bushe kamar takarda. Sai karo na uku da na ware su a jakar takarda nesa da kayan marmari na samu fure, kwana biyar zafi ya kwantar da su. Yanzu na haƙura, wanda ke wuri mai zafi in zai shuka tulif ya ɗauke ta a matsayin ta shekara ɗaya kawai, kar ya sa rai da baɗi.

Anti Bilki:
Maman Ilham wane taki kike sakawa? Don ni abin da ya ci ni kenan da fulawar daliya da ta kana. Yuriya nake ta zuba musu ina murna sun yi tsawo sun wuce ƙuguna, ganye faffaɗa kamar me, fure kuwa ɗaya nan ɗaya can. Yuriya naitirojin ne zalla, ganye yake turawa. Da na koma takin nan mai lamba uku a jikin buhu (NPK), wanda lambarsa ta farko, wato ta naitirojin, ba ta fi sauran biyun ba, na kuma matsar da su daga gindin katanga zuwa inda rana ke dukansu awa shida, sai abin ya canza. Af, daliya kuma in za ki raba saiwar ki tabbata kowane yanki yana da ido a wajen wuya, na taɓa dasa manya manya guda biyar marasa ido, ko ɗaya bai tsiro ba.

Maman Ilham:
Innalillahi, Anti yuriyar ce fa nake sakawa duk sati biyu.

Ɗan Autan Gida:
Giladiyolas ce tawa. Na tone bayan sun gama sai na ga tsohuwar albasar ta yamushe a ƙasa, wata sabuwa ta hau kanta, ga ƙananan 'ya'ya rututu a gefe. Manyan na ba wa abokina ni na riƙe 'ya'yan wai sun fi yawa na ci riba, hhh. Shi ya sha fure a shekarar, ni kuma tsinken ganye kamar ciyawa, sai a shekara ta uku suka fara buɗewa.

Hajiya Mai Tukwane:
Ni dai na gaji da jiran albasa na koma ziniya da marigol da fotulaka, ka watsa iri cikin wata biyu ka ga kala, in sun gama ka tuge. Su ma da tasu matsalar, na tara irin ziniya mai cika da na saya wadda aka rubuta F1 a jikin takardar, wato irin da aka haɗa daga iri biyu daban, da na shuka 'ya'yan suka fito kowa da kamarsa, wasu ma fale ɗaya. Mai albasa guda ɗaya da ban rabu da ita ba ita ce 'yar ƙaramar nan zefirantis, wadda kwana biyu uku bayan ruwan sama sai ka wayi gari ta buɗe, ba ta son a dame ta da tono. Kuma don Allah masu tone amarilis su ajiye, a nesanta ta da yara da inda ake ajiye albasar girki, kama suke sosai kuma tana da guba.

Maman Ilham:
Na dawo jama'a. Na tone ɗaya na duba, ba ta ruɓe ba, saiwar fara tas, amma ta rame ta kusa rabin yadda na saye ta, ɓawon har yana motsi. Kuma ashe da na canza musu tukunya na binne su gaba ɗaya har wuya. Akwai 'ya'ya biyu maƙale a gefenta, in cire ko in bari? In ɗauke ruwan yanzu?

Baba Mai Lambu:
Kar ki ɗauke ruwa yanzu, ramammiyar albasa ba ta da abin da za ta huta da shi. Ki mayar da ita ki bar kashi ɗaya cikin uku a waje, tukunyar kar ta fi ta faɗi da yawa, ki daina yuriyar, ki bar ta ta yi ganye har ta cika hannu tukuna. 'Ya'yan ki bar su jikin uwar sai sun yi saiwarsu, ko kin raba ma sai sun shekara biyu zuwa uku kafin su yi fure. Ganye nawa ne a kan Red Lion ɗin yanzu?

Maman Ilham:
Ɗaya biyar, ɗaya uku. Almakashin ma na ba wa maƙwabciyata aro Baba, ba zan karɓo ba sai baɗi.