Na gane wanda ya ƙwace wayar, kuma ɗan maƙwabcina ne

Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Shekaranjiya bayan Magariba ina dawowa daga Tudun Wada a nan Zariya, daf da Ƙofar Doka wasu yara biyu a kan babur suka tare wata ɗaliba. Na bayan ya zaro wuƙa daga hannun riga, ta miƙa wayar jikinta na ɓari. Mun fi mu goma a wurin, har da mai shayi, ba wanda ya ce uffan. Ni ma haka. To na gane yaron mai wuƙar, a gabana aka raɗa masa suna. Jiya da safe ya ce min "Kawu ina kwana," ya kafe ni da ido har na sha kwana. 'Ya'yana mata uku suna zuwa Islamiyya da yamma. Ya zan yi?

Wani dattijo daga Gyallesu: Ɗana, kada ka tunkare shi kai kaɗai. Bayan Asuba ka ja liman gefe, ku je wurin mai unguwa tare, shi zai kira uban. Idan maganar ta fito daga bakin mutum biyar, wa zai bi da wuƙa? In ta gagara, mai unguwa ya san hanyar hakimi da ta 'yan sanda.

Wata uwa daga Samaru: Baba, mai unguwar bai sani ba ne? Wallahi duk layin sun sani. Kowa na jiran wani ya fara. Kallon da ya yi maka, Malam, auna ka yake yi, shi ma a tsorace yake. Amma a riƙa raka yaran nan makaranta tukuna.

Wani ɗan sintiri: Ku kawo mana shi kawai, dare ɗaya ya isa.

Wani malamin makaranta: A'a ɗan uwa. A layinmu an yi wa wani yaro dukan kawo wuƙa, wata biyu ya kwanta, da ya tashi sai ya koma Sabon Gari da sana'arsa, yanzu ma da adda yake yawo. Kuma tun harin da aka kai Kwalejin Nuhu Bamalli a 2021 mutane a ɗar-ɗar suke, ihun "ɓarawo" ɗaya sai a kashe yaro kafin a tambayi sunansa.

Mai tambaya: Na gode. Na ga liman ɗazu. Ashe tun kafin ni mutum biyu sun je masa da maganar, kowanne ya roƙe shi kada ya faɗi sunansa.