Cefanen wata: shagon unguwa ko babban kanti?

Abban_Hanifa:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema. Ni ma'aikaci ne a nan Kano, kuma tun da na yi aure kusan komai na gida a shagon wani bawan Allah nake ɗauka a bakin layinmu, sukari, taliya, magi, omo, man gyaɗa har madarar yara. To yanzu uwargida ta dage wai in albashi ya shigo mu riƙa zuwa irin su Sahad ko Jifatu mu yi sayayya gaba ɗaya, ta ce can farashi a rubuce yake kuma za mu san abin da muke kashewa. Maganarta akwai ƙamshin gaskiya, amma abin da ke tsaya min a rai shi ne lokacin da aka canza takardun naira a farkon 2023, ba tsabar kuɗi, taransifa ta ƙi tafiya, wallahi mutumin nan shi ya riƙe gidana, rubutawa kawai yake a littafi bai taɓa turo yaro ba. Yanzu in zo in wuce ta gabansa da ledoji cike da adaidaita? Waɗanda suka gwada duka biyun, da gaske akwai sauƙi a can ko dai sanyin AC ne kawai?

Maman Sadiq:
Wa alaikumussalam. Malam ni mace ce kuma na fahimci matarka sosai, mu ne a kicin mu muka san yadda abu ke ƙarewa. Sayen ƙulli-ƙulli yana cin kuɗi ba ka sani ba, yau gwangwanin sukari gobe magi na ɗari jibi omo na leda, in ka tara a wata sai ka ga ya fi kuɗin babban kwali. Amma fa ba komai ake saye a babban kanti ba. Ni shinkafa da wake da gero kasuwa nake aikawa, Rimi ko Dawanau in an samu mai zuwa, a auno da kwano, kayan miya kuma 'Yankaba ta fi ko'ina. Abin da nake zuwa kanti dominsa shi ne madarar jarirai da famfas da man shafawa, saboda ina so in ɗauki abu da hannuna in juya in duba ranar lalacewarsa, a shagon unguwa kana tsaye ne a waje ana miƙo maka ta saman teburi, ga zafin rana yana dukan kwanon shagon tun safe, wani lokacin bota har ta narke ta sake daskarewa. Sauran kuwa, biredin safe, ƙwai, ashana, gishiri ya yanke ana tsakiyar girki, wa zai hau adaidaita don wannan? Yaro za ka aika ya dawo kafin ruwa ya tafasa.

Sani_mai_shago:
Ranka ya daɗe bari in faɗa maka yadda abin yake ta ɓangarenmu, don ni sana'ata ce. Kayanmu daga kasuwar Singa muke saro su, kuma ba ma iya ɗaukar katan ɗari kamar manyan, katan biyu uku ne, ga kuɗin dako ga na mota, to dole wani abun ya ɗan ɗara nasu. Ribar taliya ko sukari ba ta taka kara ta karya ba, yawan juyawa ne ke riƙe shago. Abin da ke kashe mu bashi ne. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kaya suka riƙa tashi, sai ka ba mutum katan ɗin taliya bashi, kafin ya biya ƙarshen wata ka koma Singa an ƙara kuɗi, abin da ya ba ka ba zai sayo wani katan ɗin ba, kuma ba za ka ce ya biya sabon farashi ba tunda maƙocinka ne, sahu ɗaya kuke a masallaci. Shaguna nawa aka rufe a haka, jari ya narke a littafi. Abin da ya fi ciwo shi ne ranar da mutum yake da kuɗi a hannu ya tafi babban kanti ya biya lakadan, ranar ashirin ga wata da aljihu ya bushe sai ya tuna da mu. Ba mu hana kowa zuwa inda yake so ba wallahi, amma in za a ci bashi a wajenmu a riƙa kawo mana cinikin kuɗi hannu ma.

MK_Zoo_Road:
Ni dai ina bayan uwargida. A kanti ba ciniki ba jin nauyi, ka ga farashi ka ga kala biyar na abu ɗaya ka zaɓa, a ba ka risit ka dawo gida ka yi lissafi. A unguwa in aka ba ka abin da bai yi maka ba kunya ma ba za ta bari ka mayar ba. Sai dai ka tafi da takarda ka rubuta abin da za ka saya, kar kuma ka je da yara, don in ka fara tura keken nan sai ka tsinci biskit da cakulan da lemon kwali da ba sa cikin lissafi, ga harajin VAT na kashi 7.5 a kan wasu kayan, ga kuɗin abin hawa zuwa da dawowa. Kuma su ma manyan ba wai sun fi ƙarfin yanayin ba ne, kuɗin haya da dizal ɗin janareta duk a jikin kaya yake fita. Shoprite da aka buɗe a Ado Bayero Mall a 2014 mutane har hoto suke zuwa ɗauka, a Janairun 2024 suka rufe reshen Kano.

Abban_Hanifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam Sani maganarka ta taɓa ni. In na kawo masa kuɗin wata gaba ɗaya na ce ina son katan da buhu ba ƙulli ba, zai iya yi min sauƙi kuwa, ko zan takura shi ne?

Sani_mai_shago:
Takura kuma? Ai taimakonsa ka yi. Ka fara biyan abin da ke littafi tukuna, sannan ka ba shi jerin kayan da kuɗinsu kwana ɗaya kafin ya shiga Singa, ya haɗo da nasa ya ɗora ɗan abin dako, za ka samu kusan farashin sari kuma har ƙofar gida yaransa za su shigar maka. Madarar yara da irin abin da Hajiya take so ta duba da idonta, ku je kantin ku sayo, shi ma ba zai ji komai ba don ba kowanne iri yake ajiyewa ba.