Neman shawara: kyamara zan fara saya ko kwamfuta?

Wata 'yar'uwa daga Mabera:

Assalamu alaikum jama'ar gida. Na gama NCE ina zaune gida, kuma tun muna makaranta ni ake miƙa wa waya idan za a ɗauki hoto. Yanzu ina so abin ya zama sana'a: ɗaukar hoto wajen kamu da walima da suna, gyaran hotunan, sai tsara katin gayyata da kalandar da ake rabawa a biki.

Na kwashi adashe, yayana ya ƙara mani wani abu, amma kuɗin ba za su ɗauki kyamara da kwamfuta a tare ba. Ɗaya za su iya. Wasu sun ce kyamara, wai ba mai ganin girmanki idan kika zo biki da waya a hannu. Wasu sun ce kwamfuta. Kaina ya ɗaure.

Akwai kuma abubuwa biyu da ke ci mani tuwo a ƙwarya. Idan na ɗauki mutum sanye da fararen kaya a tsakar gida, kayan su fito tas, fuska ta yi baƙi ƙirin. Na biyu, na tsara wa ɗiyar ƙanwar mahaifiyata katin biki a manhajar Canva ta waya, na tura wa mai bugawa ta WhatsApp. A waya kamar ka sace, amma da aka buga hoton ya dushe, shuɗin ya mutu. Mai bugawar ya ce rubutun ma bai fita ba, ya sake rubutawa a kwamfutarsa, sai ga "ɗaurin aure" da ɗan akwati a gurbin harafin farko. Don Allah masana a taimaka.

Wani dattijo mai situdiyo:

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah shi yi albarka. Ni tun zamanin fim nike wanga aiki, lokacin da naɗi guda hoto 36 ne, kuma ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an wanke. Shi ya sa munka koyi kallon haske kafin mu danna. Yaran yanzu sai su danna ɗari su zaɓi guda.

Kar ki sayi kyamara yanzu. Matsalar fararen kaya da kinka faɗa, ko kyamarar miliyan nawa kinka riƙa haka za ta yi maki. Na'urar tana auna hasken da ke gabanta gaba ɗaya, in ta ga fari ya yi yawa sai ta ɗauka wurin ya cika haske ta rage, fuskar mutum ta tafi. A waya, ki taɓa fuskar da yatsa, alamar rana za ta fito, ki ja ta sama kaɗan. Amma maganin gaskiya shi ne ki fidda mutum daga rana. Ranar Sakkwato daga hantsi har bayan azahar ba ta hoto ba ce, tana saman kai, ido ya faɗa rami, ƙarƙashin hanci ya yi inuwa, mutum na yamutsa fuska.

Ki kai shi bakin zaure, ya tsaya daga ciki taki guda yana fuskantar waje, ke ki tsaya waje bayanki na ga haske. Ki duba idonsa, za ki ga ɗan haske na ƙyalli a ciki, bayansa kuma duhun zaure ya rufe tarkace. Fatarmu ba ta da hasken da ya fi wanga. In babu zaure, inuwar katanga. Ban da ƙarƙashin dogon yaro, don rana na ratsa ganye ta yi wa fuska dabbare-dabbare, kuma babu manhajar da ke gyara shi da daɗi. In dole sai waje, da sassafe ko bayan la'asar sakaliya.

Ki samu ƙanenki guda, ki ɗauke shi wuri guda da safe, da azahar, da la'asar, da gab da magariba. Ki jera hotunan ki yi ta kallo. Abin da za ki gani nan ya fi abin da zan rubuta maki.

Mai tsara shafi a wata maɗaba'a kusa da babbar kasuwa:

Baba ya gama magana kan haske. Ni bari in ɗauki zancen katin, don kullum sai an kawo mana irinsa.

WhatsApp yana matse hoto ya rage masa girma idan aka tura shi a matsayin hoto. Ki riƙa turawa a matsayin fayil, ta wurin da ake tura takardu, ko ki kawo a filashi. Takarda tana son ɗigo 300 a kowane inci. Katin A5, wato milimita 148 da 210, yana bukatar fiksel, wato ɗigon hoto, 1748 da 2480. A4 kuma 2480 da 3508. Duk abin da ya gaza haka sosai zai dushe, ko da ya yi kyau a fuskar waya. Babbar bana ta talla da ake kallo daga nesa ce kawai ake yi wa sassauci.

Shuɗin da ya mutu kuwa, waya da haske take haɗa launi, ja da kore da shuɗi, shi ne RGB. Injin bugu da tawada huɗu yake aiki, shi ne CMYK. Akwai shuɗi mai walƙiya da kore mai ɗaukar ido da tawada ba ta iya kaiwa gare su ko an yi yaya. Wanda ya saba tun farko a CMYK yake buɗe aikinsa, ya ga launin a yadda zai fito, kuma ya buga gwaji guda ɗaya ya nuna wa mai aiki kafin a buga ɗari biyar. Ki kuma bar rarar milimita 3 a kowane gefe, launin bango ya malala har can, saboda wuƙar yanka ba ta sauka daidai kan layi kullum. Rubutu ya ja baya daga baki kamar milimita 5. Mun sha ganin lambar waya da aka yanke wa lamba ta ƙarshe.

Akwatin nan da ya fito, samfurin haruffan da ya zaɓa ne ba shi da ɗ. Yawancin masu lanƙwasa da ake so a katin biki Turawa suka zana su, ba su san da haruffanmu masu ƙugiya ba. Kafin ki zaɓi kowanne, ki rubuta ɓ ɗ ƙ da manyansu Ɓ Ɗ Ƙ ki gani. Noto Sans da Charis SIL da Andika duk suna da su, kuma kyauta ne. Idan kin gama aiki a CorelDRAW, manhajar tsara shafi ta kwamfuta, ki zaɓi rubutun duka ki danna Ctrl da Q, ya koma zane, ko ki fitar da shi PDF. Daga nan ko wace kwamfuta aka buɗe shi ba ya canzawa. Amma ki ajiye kwafin da ba a mayar ba, don sai an gama uwar amarya za ta kira ta ce an manta sunan wata gwaggo.

Amsar tambayarki a wurina: kwamfuta. Biki yana da lokaci, kafin azumi da bayan salla a yi ta yi, sannan a yi shiru. Aikin tsara shafi ba ya yankewa: katin suna, takardar sakamakon makarantun kuɗi, rasit, takardar saukar Alƙur'ani, tambarin masu turaren wuta da kayan miya, ga fosta idan siyasa ta kama. Ki koyi CorelDRAW don shi za ki tarar a kusan kowace maɗaba'a a garin nan. Kuma ki samu shagon bugu ki zauna ko wata uku ne, ki ga yadda abin da ke kan allo yake komawa takarda.

Wata mai ɗaukar hoton biki daga Arkilla:

Ƙanwata sannu da ƙoƙari. Na yarda da su rabi. Su biyun maza ne, ba sa shiga inda za ki shiga. Kamu da wankan amarya yawanci a ɗaki ake yi ko da dare, ƙwai ɗaya a silin, wani lokacin ma an ɗauke wuta ana haskawa da fitilar waya. Babu zauren Baba a nan. Waya tana jan lokaci kafin ta tara haske, amarya ta ɗan juya kai hoto ya zama hayaƙi. A irin wannan wuri kyamara da filasha, wato fitilarta mai walƙiya, ba ado ba ne.

Sai dai ba sai kin mallaka za ki fara ba. Ni da haya na fara, in karɓi kafin alƙalami, in biya hayar kyamara daga ciki. Ki sayi kwamfutar, ki riƙa haya ranar aiki, kuɗin da ke shigowa su sayi kyamarar.

Idan lokacin ya zo, ta hannu ta ishe ki. Canon 600D ta 2011 ce, Nikon D3200 ta 2012, har yau suna cin abinci. Ki sa a duba maki yawan dannawar da aka yi mata, irin waɗannan ana ƙiyasta masu kamar 100,000. Ki ɗauki farin bango ko sararin sama a f/16, wato ki tsuke ƙofar haske, ki buɗe hoton, idan da ƙura a ciki za ki ga ɗige-ɗige. Gilashin gaban kyamara na 50mm f/1.8 yana fitar da fuska da kyau ya narkar da baya, amma a ƙaramin ɗaki zai matse ki har ki rasa inda za ki ja baya, don haka kar ki raina 18-55mm da ke zuwa da ita. Idan Nikon ce ki kula, D3200 ba ta juya tsohon 50mm mai harafin D da kanta don hoto ya fito tar, mai G za ki nema.

Abu uku za ki riƙe: faɗin ƙofar haske, saurin shata (tsawon lokacin da haske ke shiga), da ISO (ƙarfin jin hasken kyamara). Ƙaramar lamba kamar f/2 ƙofa ce a buɗe, ta mutum ɗaya. Hoton dangi a jere ki koma f/5.6 ko f/8 don na baya su fito. Shata kar ta gaza saurin 1/125 na daƙiƙa ga mutane, idan ana rawa 1/250. ISO ki ɗaga zuwa 800 ko 1600 a ɗaki, ɗan yashi-yashi a hoto ya fi hoton da ya girgiza. Filasha ki harba ta silin idan fari ne, kar ki doka wa amarya a fuska, hodar nan duk za ta fito fari fat. Da hunturu kuma kar ki kuskura ki cire gilashi a waje, saboda ƙura.

Sai maganar da ta fi duk waɗannan. Dalilin da zai sa a kira ki a bar namiji shi ne mata za su saki jiki, wasu ba mayafi. Hotunan nan amana ne. Kar ki ɗora ko ɗaya a Instagram ko TikTok don talla sai da izinin mai shi, kuma ki tambaya a fili. Kar ki kai memorin kyamara shago a kwafe maki, shi ma dalili ne na mallakar kwamfutarki. Hoto ɗaya ya fita ba da izini ba, Sakkwato ƙarama ce, kin gama aiki.

Gyara kuma a yi shi da sauƙi. Za a ce ki ƙara mata haske. Ki cire ƙurji, ki daidaita launi, amma idan kika mayar da baƙa fara, wuya da hannu za su tona ki, dangin ango kuma su yi ta tambaya wace ce wannan.

Wani ɗalibi a jami'ar Ɗanfodiyo:

Anti kafin kwamfutar ta zo ki sauke Snapseed, kyauta ce, da Lightroom ta waya, duk na gyaran hoto ne. A kwamfuta GIMP na aikin gyaran hoto, Scribus na tsara shafi, duk ba a biya. Photoshop kuɗin wata-wata ne. A Gboard, madannin rubutu na waya, ki ƙara Hausa, haruffa masu ƙugiya suna nan.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Baba na gwada bakin zaure da ƙanena ɗazu bayan la'asar, wallahi har Inna ta ce a wanke mata shi. Na tsaya kan kwamfuta. Sai dai zama a shagon bugu zai yi wuya, mahaifinmu ba zai bari in wuni cikin maza a kasuwa ba. Kuma wace iri zan nema?

Dattijo mai situdiyo:

Gaskiya tai. Kar ki ja da shi, ki nuna mashi aikin hannunki tukuna.

Mai tsara shafi:

To ba sai kin wuni ba. Ki yi aikin a gida, ranar bugawa ki zo da yayanki ki tsaya a buga a gabanki, a yanka a gabanki, ki tambayi duk abin da kika ga an canza. Akwai kuma shagunan kwamfuta da mata ke riƙe da su a wajen makarantu, ki tambaya cikin ƙawayenki na kwaleji.

Kwamfuta ki nemi mai injin Core i5, RAM (ƙwaƙwalwar aiki) kar ya gaza 8GB, ma'ajiya ta zama irin mai sauri da ake kira SSD. Ki buɗe hoton fuska ki karkata allon sama da ƙasa, idan launi na juyewa da ɗan motsi kaɗan zai wahalar da ke wajen gyara. Ki cire caja ki ga minti nawa batir ke yi, kin san halin wuta. Da zafin Afrilu kar ki ɗora ta kan katifa, ƙofofin iskarta a ƙasa suke.

Don koyo, ki ɗauki katin biki da ya burge ki, ki auna shi da rula, ki sake gina shi daga farko. Samfurin haruffa biyu sun isa kati ɗaya. Sunan ango da amarya, rana, da wuri su ne ido zai fara kamawa, sauran su bi baya. Idan ɗan littafin walima ne mai ninki a tsakiya, shafuka su zama 8 ko 12 ko 16, don kowace takarda shafi huɗu take bayarwa. Idan akwai Bismillah ko aya, ki kai wa malami ya duba bugun gwaji, saboda wasu manhajojin suna wargaza haruffan Larabci ko su jera su daga hagu, wanda bai iya karatun ba ba zai lura ba.

Mai ɗaukar hoton biki:

Ina da kamu Asabar mai zuwa a Runjin Sambo, mata zalla, kuma ina neman mai riƙe mani fitila. Ki yi mani magana ta akwatin sirri, in ya so in kira Innarku da kaina in nemi izini. Ki zo da takalmi mara tsini, tsayuwa ce daga la'asar har bayan isha'i.