Canza bel ɗin taimin na Honda Pilot a gida: ta ina ake farawa, ina ake yin kuskure?

Mai_Pilot07:

Assalamu alaikum masana. Motar Honda Pilot ce ta 2007, inji V6 mai lita 3.5, ta ci kilomita 172,000 kuma babu wata shaida da ke nuna an taɓa canza mata bel ɗin taimin, wato bel mai haƙora da ke daidaita lokacin motsin bawul da na fistin. Ina da jak, da madogarai biyu, da akwatin soket, da sifanar awon ɗauri. Ina so in yi aikin da kaina a gida. Me da me zan saya bayan bel ɗin? Kuma wane mataki ne in aka kuskure shi injin ke lalacewa?

Tsohon_Bakanike:

Wa alaikumus salam Malam. Motarka ta riga ta kai lokaci, har ta ɗan gota. Ƙa'idar da aka saba bi a wannan injin ita ce mil 105,000, wato wajen kilomita 168,000, ko shekara 7, duk wanda ya riga zuwa. Inda zafi ke wuce digiri 43 a kai a kai ma Honda ta ce mil 60,000. Kuma wannan injin na J35 irin wanda fistin da bawul ke shiga wuri ɗaya ne, lokaci kawai ke raba su. Bel ya tsinke kana tafiya, fistin zai daki bawul ya lanƙwasa su, daga nan sai sauke kan inji. Don haka ka rage hawanta har ka gama.

Kada ka sayi bel shi kaɗai. Ka sayi saiti cikakke: bel, famfon ruwa da zoben robarsa, puli biyu masu boris, da tenshina mai mai a ciki, wato abin da ke matse bel don kada ya saki. Aisin na yin famfon, Mitsuboshi ko Gates na yin bel mai kyau, Koyo na yin boris. Ka haɗa da bel ɗin waje (wanda ake gani a gefen inji ba tare da an buɗe murfi ba) da ruwan lagireto lita 8 irin mai shuɗi wanda aka riga aka gauraya. Dalili shi ne bel ɗin taimin ne ke juya famfon ruwan, kuma galibi ba bel ne ke fara mutuwa ba. Boris ne ke cijewa, ko tenshina ta zubar da manta ta saki, sai bel ya tsallake haƙora. Sabon bel a kan tsohon puli asarar wuni ce.

Aikin kuwa, inji ya huce sarai tukun. Cire kan batir na nagatif, ɗaga gefen dama na gaba, sa madogari, cire taya da robar da ke rufe cikin mazaunin tayar. Nan za ka ga pulin kiranshaf, wato babban sandan ƙasan inji da fistin ke juyawa. Kafin ka taɓa komai, ka fara gwada kwance notin pulin nan mai lamba 19. In bai kwance ba, ka mayar da tayarka, motarka na nan lafiya. Mutane da yawa sai sun warware rabin inji sannan su tarar da notin ya ƙi, su rasa gaba su rasa baya. Akwai ƙarfe na musamman mai kusurwa shida, milimita 50, da ke shiga cikin pulin ya riƙe shi. Shi za ka tokare da ƙasa ko da jikin mota, sannan ka sa doguwar sanda a kan soket ɗin, ka ƙara mata bututu. Ƙaramar sanda mai rabin inci tana iya karyewa a nan.

Noti ya motsa, sai ka sake ɗan ɗaure shi, ka sauke bel ɗin waje, ka cire murafun sama guda biyu na bel ɗin taimin, ka juya inji ta hannun dama, yadda agogo ke tafiya, har silinda ta 1 ta zo saman bugunta. Alamomi uku ne: na pulin kamshaf (sandan da ke buɗe bawul) na gaba, na kamshaf na baya, da na kiranshaf. Kowanne kamshaf da tsagar da ke jikin farantin bayansa zai daidaita. Na kiranshaf da ke kan ƙaramin giyan ciki da kibiyar da ke jikin famfon baƙin mai. In na kiranshaf ya zauna amma na kamshaf suna can nesa, ka ƙara zagaye ɗaya, domin kamshaf sau ɗaya yake juyawa a duk juyi biyu na kiranshaf.

Daga nan ka sa jak ƙarƙashin kwanon baƙin mai, da katako mai faɗi a tsakani don kada kwanon ya lotse ko ya tsage, ka ɗan ɗauki nauyin injin, ka cire mazaunin inji na gefen dama da ƙarfen da ke riƙe shi. Cire pulin kiranshaf, cire murfin ƙasa, cire ɗan farantin da ke gaban bel, ka lura da fuskar da yake kallo. Kwance tenshina, bel zai saki. Tsiyaye ruwan lagireto, sannan ka cire famfo. Ruwa zai ƙara zubowa daga jikin inji, ka tare shi da roba, ka goge wurin ya bushe. Notocin famfon 12 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri a sifanar awo) kawai ake ɗaure su, aluminiyam ne, in ka matsa zaren zai tafi.

Wajen ɗora sabon bel akwai tsari: kiranshaf, sai pulin boris wanda mazauninsa ba ya motsi, sai kamshaf na gaba, sai ƙarƙashin famfon ruwa, sai kamshaf na baya, a ƙarshe pulin tenshina. Duk sakin bel ya taru a gefen tenshina, sauran ɓangarorin su kasance a miƙe tsam. Sai ka duba alamomin nan uku, sannan ka zare ƙusar da ke riƙe da bakin sabuwar tenshina. Kada ka zare ta kafin nan.

Injiniya_V6:

Oga ya gama magana, abu biyu zan ƙara. Na farko, kamshaf na baya yana da halin zabura. Da zarar bel ya sauka, ƙarfin sifirin ɗin bawul yana iya fizgar sa ya juya da kansa. Ba abin tashin hankali ba ne. Ka sa sifana a kan notinsa ka dawo da shi a hankali ta hanyar da ya bi, kada ka zagaya da shi gaba ɗaya, kada kuma ka juya kiranshaf alhali babu bel. Alamarsa kuma tana da wuyar gani saboda tana kusa da bangon mota. Ka yi amfani da ƙaramin madubi ko kyamarar waya, ka kalle ta kai tsaye. Kallon karkace shi ke sa mutum ya rantse ta zauna alhali haƙori ɗaya ya goce.

Dabara mai sauƙi: kafin ka sauke tsohon bel, ka ɗiga fenti a kan bel da puli a wurare ukun, ka ƙirga haƙoran da ke tsakani, ka mayar da ɗigon a kan sabon. Ka maƙale bel ɗin a kan pulin kamshaf da matsin takarda ko ɗaurin roba don kada ya zame kana fama da ɗayan gefen.

Na biyu, ka duba sil (zoben roba mai hana baƙin mai yoyo) na kamshaf da na kiranshaf tun da ga su a fili. In sun bushe, ni dai ra'ayina a bar su, domin sil da aka saka a karkace ya fi tsoho yoyo. In akwai danshin mai kuwa dole a canza, mai yana cin robar bel.

Mai_Pilot07:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Tambaya biyu: na ji ana tokare sanda a buga kik don notin puli ya kwance, ya halatta a wannan injin? Sannan bayan an ɗora bel, ta yaya zan tabbatar kafin in tayar da mota?

Tsohon_Bakanike:

Yana yi, tunda injin ta hannun dama yake juyawa, amma ban ba ka shawara ba. Sanda na iya kuɓucewa ta fasa abin da ke kusa, kuma dole ka hana injin tashi ta hanyar cire fiyus ɗin famfon mai ko wayoyin kwayil. Sannan ko ka kwance da kik, da me za ka riƙe pulin wajen ɗaurewa? Ƙarfen riƙon nan dai sai ka same shi.

Tabbatarwa kuwa da hannu ake yi. Cire fulogi don inji ya yi sauƙin juyawa, mayar da notin kiranshaf, ka juya ta hannun dama zagaye shida, ka dawo kan alama. Ukun nan su zauna daidai. Kada ka damu da ɗigon fenti ko farin layin da ke jikin bel, ba za su dawo wurinsu ba bayan juyawa, alamomin ƙarfe kawai ake bi. In ka ji wani abu ya tokare kana juyawa, ka tsaya nan take, kada ka danna. Bawul ne ya haɗu da fistin, ka koma baya kaɗan ka sake duba saitin. Haƙori ɗaya in ya goce mota za ta tashi, amma za ta riƙa karkarwa, ƙarfi ya ragu, fitilar gargaɗin inji ta kunnu. Haƙora da yawa kuwa shi ne lanƙwasa bawul.

Ɗan farantin gaban bel ya koma yadda ka same shi, bakinsa mai lanƙwasa yana kallon waje, in ba haka ba zai riƙa yankar gefen bel. Notin puli a shafa masa baƙin mai a zare da ƙarƙashin kai. Wasu shekarun 245 Nm ne, wasu kuma 64 Nm sannan a ƙara juyi na digiri 60, ka bi abin da littafin shekarar motarka ya ce, kuma da hannu, ba da bindigar iska ba.

Mai_Lagireto:

Saura ruwa. Ka zuba a hankali har wuyan lagireto, ka sa hita a kan mafi zafi, ka tayar da inji murfin lagireto a sassauce, ka bar shi har fanka ta kama sau biyu. Kashe, bari ya huce, ka cika, ka cika ƙaramin tankin gefe zuwa layin sama. Washegari da safe ka sake dubawa, yakan sauka kaɗan saboda iskar da ta fita. In hita tana hura sanyi ko allurar zafi tana hawa da sauka, akwai sauran iska a ciki. Ka leƙa ƙarƙashin murfin ƙasa ko akwai ɗigon shuɗi, in akwai to zoben robar famfon ne ya tsuke wajen sakawa. Ƙara kamar kukan sauro daga gefen bel kuma yawanci bel ne ke gogar murfi ko wani puli bai zauna daidai ba, kada ka hau titi da ita sai ka buɗe murfin sama ka gani. Ka rubuta kwanan wata da kilomita a jikin murfin da fenti.