Ciwon gwiwar Hajiyarmu ya sauya salo, ina neman shawara

Assalamu alaikum jama'a. Mahaifiyata ce, shekararta 68, muna zaune a Tudun Wada nan Kaduna. Shekara huɗu ke nan da aka ɗauki hoton gwiwarta ta dama, likita ya ce gurunguntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ne ya zaizaye. Mu dai a gida sanyin ƙashi muke ce masa.

Da can ciwon yana da ƙa'ida. Da asuba gwiwar takan sage, amma kafin minti 20 ta saki. Sai ta yi tafiya mai nisa, kamar zuwa Kasuwar Barci, ko ta hau matakala, sannan ya taso, in ta huta ya lafa. Tun hunturun bana abin ya juya. Tana kwance cikin dare zogi ke tashin ta, in ta miƙe gwiwar na ƙara ƙas-ƙas, ƙafar ma ta fara lanƙwashewa kamar baka. Sallah yanzu a kan kujera take yi, wannan ya fi komai ci mata rai.

Diclofenac ne ke yi mata aiki, amma tana da gyambon ciki da hawan jini, likita ya hana. Paracetamol kuwa kamar ta sha ruwa.

Shin ciwon daren nan alama ce cutar ta yi nisa, ko kumburi ne mai wucewa? Mu sake hoto? Yayyena sun ce ta daina tafiya gaba ɗaya, ni kuwa ina ganin zaman ne zai ƙara kashe mata naman cinya. Wanda aka taɓa yi wa tsohuwarsa allurar cikin gwiwa, don Allah wata nawa ta yi da sauƙi?