Me ya sa ƙaryar finafinan faɗa take ƙara mana daɗin kallo?

Ɗan Kabi, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum. Tambayata ga masu sha'awar finafinan faɗa ce, na Amurka ne, na Indiya ko na Sin. Dukkanmu mun san abin da ake nuna mana ba zai yiwu ba. Mutum ɗaya zai shiga sansanin da ke cike da sojoji, a yi ta ɓarin wuta a kansa babu harsashin da ya same shi, shi kuwa duk inda ya juya bakin bindiga sai mutum biyar sun zube. Idan ma an same shi, to a kafaɗa ne, ya yage hannun riga ya ɗaure ya ci gaba da gudu. Duk da haka, a gidan kallo, inda ƙaryar ta fi yawa nan ake miƙewa ana tafi, kuma da ni ake tafin. Me ke jawo haka?

Malamin Jega:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari in ƙara maka da lissafi. Gidan harsashin bindigar AK-47 guda 30 yake ɗauka, kuma tana iya fitar da kusan 600 a minti ɗaya, wato cikin daƙiƙa 3 ta ƙare idan aka danne kunamar. Amma akta zai shafe minti goma yana harbi bai tsaya ya sake ɗura ko ɗaya ba, sai fa lokacin da ya yi ido huɗu da bos, a nan ne harsashi zai ƙare domin a ajiye makamai a koma ga ƙarfin damtse. Ni wannan wurin nake jira tun farkon fim. Mai shirin ya san mun sani, mu ma mun san ya sani, saboda haka babu wanda aka yaudara.

Baba na Argungu:
Yarana, wannan abu ba baƙonmu ba ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe bayan kaka ya ji yadda makaɗi yake wasa ɗan dambe, yana kiransa ajali, yana cewa maza su gudu tun kafin ya ɗaure hannu, bai taɓa jin wani ya tsayar da kiɗa ya nemi hujja ba. Haka ɗan tauri yake shiga fage yana kirarin cewa ƙarfe ba ya cinsa, jama'a na sowa. Zuguiguta jarumi gadonmu ne, kuma abin da masu fim suka yi shi ne sun ɗauki kirari sun mai da shi hoto. Abin da zuciya take so shi ne ta ga azzalumi ya sha kashi a hannun wanda ya raina, kuma ya sha shi da yawa.

Yaya Mai Ɗinki, Yawuri:
Baba ya yi gaskiya, Allah ya ƙara girma. Sai dai ban ga an ambaci na kudancin Indiya ba, alhali su ne sarakunan wannan fanni. Jarumi zai murza gashin baki, ya buga ƙafa a ƙasa, ƙura ta tashi, motoci su yi sama suna juyi, sannan ya mari ƙato ɗaya ya tafi ya kwashe wasu shida har da rumfar mai shayi, kuma tabaran da ke fuskarsa ko gocewa ba zai yi ba. Idan fassarar Hausa ce, mai fassara ya ƙara nasa gishirin, a gidanmu har surukata takan ce a mayar da wurin baya.

Amma ina ware Jackie Chan, jarumin finafinan faɗa na Sin, daga cikin masu wannan ƙarya. Yawancin tsalle-tsallen da ake gani shi da kansa yake yi, har ya taɓa faɗowa daga bishiya a Yugoslabiya wajen ɗaukar fim, ƙoƙon kansa ya fashe sai da aka yi masa tiyata. A ƙarshen finafinansa akan nuna wuraren da ya kuskure ya ji ciwo, shi ya sa ba na bari yara su kashe talabijin sai sunayen ma'aikata sun gama wucewa.