Na toshe ƙofa saboda ɓarayin kati, yanzu masu sayen gaskiya nake kora

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina sayar da atamfa, shadda da leshi ta intanet, daga Kantin Kwari nake saro su. Bara wani ya sayi kaya da katin sata, mai katin ya kai ƙara bankinsa, aka zare kuɗin daga asusuna bayan kaya sun daɗe da tafiya. Sai yaron da ya haɗa min shafin ya gindaya sharuɗɗa: katin ƙasar waje a ƙi shi, in sunan kati ya saɓa da na mai karɓar kaya a ƙi, wanda ya gwada biya sau uku a toshe shi. Sata kam ta tsaya, amma ciniki ya ja baya. Wata baiwar Allah da ke zaune a Jidda ta zo haɗa wa ƙaninta lefe, shafin ya ƙi katinta. Ta turo min hoton jan rubutun da ya fito mata, ta ce, "Hajiya, ɓarauniya kika ɗauke ni?" Wallahi har yanzu maganar tana cin raina. In cire sharuɗɗan ne ko in haƙura?

Wani ma'aikacin banki: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki fara tambayar kamfanin da ke karɓar miki kuɗi ko kowane kati yana bi ta 3D Secure, wato lambar OTP da banki ke tura wa mai kati kafin kuɗi su fita. Visa da Mastercard duk suna da tsarin. A ƙa'idarsu, in bankin mai kati ya tantance shi ta wannan hanya, daga baya aka ce sata ce, galibi asarar a wuyan bankin take, ba naki ba. Amma wannan ba ya kare ki daga mai cewa kaya ba su iso ba, kuma yawanci mai kati yana da kamar kwana 120 na kai ƙorafi. Ki riƙa adana rasit ɗin aika kaya da sa hannun wanda ya karɓa.

Wata mai sayar da turaruka: Yaya, abin da ɓarawo ya ci kin gan shi da idonki a alat, shi ya sa ya yi miki ciwo. Wanda shafinki ya kora ba alat ɗin da zai shigo ya faɗa miki. Ita wannan ma mutunci ta yi miki da ta yi magana, saura shiru suke yi su wuce gaba. Kuma ba lefe kaɗai kika rasa ba. Akwai ankon biki, kayan fitar suna, ɗinkin Sallah, ga ƙawayenta da za ta ba labari. Kuɗin tallan da kika biya a Instagram har ta gan ki ma ya bi ruwa.

Wani ɗan Kwari: Ni dai Hajiya kar ki buɗe ƙofa gaba ɗaya. Ribar turmin atamfa nawa take? Sata ɗaya sai ta haɗiye ribar wata guda.

Mai haɗa shafukan intanet: Gaskiyar Alhaji ce, amma tsakanin karɓa da kora akwai hanya ta uku: a riƙe odar, a kira. Sharaɗin suna shi ya fi ba ni mamaki, domin a nan wa ke biya? Miji ke biya wa mata, ɗa wa mahaifiyarsa. Gwaji uku kuwa, sau nawa netwok ke riƙe OTP har lokacinsa ya wuce? Abin da ya kamata ya tayar miki da hankali shi ne waya ɗaya tana gwada katuna daban-daban, ko sabon mai saye da babbar oda yana matsa lamba a aika yau-yau. Irin wannan ki jinkirta kayan, ki kira shi. Jan rubutun nan ma a canza shi, ya ce biya bai kammala ba, ga lambar WhatsApp.

Mai tambaya: Allah Ya saka da alheri. To ita ta Jidda fa?

Mai sayar da turaruka: Kira ta da murya, kar ki tura rubutu. Ki ba ta haƙuri, ki faɗa mata na'ura ce ta ƙi kowane katin waje, kuma kin sa a gyara. Kar ki yi mata tallan komai a wannan kiran.